Yadda Ake Magance Bushewar Ido da Kula da Idon Iyali a Arewacin Kamaru da Chadi

Daga watan Nuwamba zuwa ƙarshen Fabrairu iskar hunturu takan kwaso ƙura daga hamada, mafi yawanta daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ta ratsa Njamena da Kusiri har ta lulluɓe Marwa da Garwa, kuma kafin hazon ya gama washewa sai bazara ta kama, wadda zafinta a watannin Maris da Afrilu yakan haura digiri 40. A wannan tsawon lokaci ne koke-koken ido suke yawaita. Wani ya ce ji yake kamar an zuba masa yashi, wani ya ce idonsa na raɗaɗi da yamma, wata kuma ta ce hawaye ne ba ya tsayawa da zarar ta fita cikin iska. Abin da akasarin mutane ke yi shi ne su nufi mai tallar magani su sayi kwalbar ɗigo. Ƙwararren mai auna gani kuwa ba da kwalba yake farawa ba. Yana da tsari da yake bi daki-daki, kuma kowane magidanci ko uwargida na iya bin mafi yawansa a gida.

Abin da yake bushewa a ido

Hawayen da ke kwance a kan ido kullum ya bambanta da hawayen kuka. Siririn rufi ne mai hawa uku. A ƙasa akwai yauƙi wanda ke sa ruwan ya manne da ido, a tsakiya akwai ruwan da ke fitowa daga wata jaka da ke saman ido ta gefen kunne, a sama kuma akwai maiƙo da ke tsatsowa daga wasu ƙananan jakunkuna da suke jere a bakin fatar ido, bayan gashin ido kaɗan, kimanin 20 zuwa 40 a kowace fata. Maiƙon nan yana kwanciya a kan ruwan kamar yadda mai ke kwanciya a saman miya, ya hana shi saurin tashi. A duk lokacin da mutum ya ƙifta ido, yana matso maiƙon ne yana kuma sake shimfiɗa rufin gaba ɗaya.

Wannan bayani shi ne tushen duk maganin da zai biyo baya, domin a wajen mafi yawan masu bushewar ido ruwan ba ƙarewa ya yi ba, maiƙon ne ya daskare ya toshe ƙofofinsa, sai ruwan ya riƙa ƙafewa da wuri. Shi ya sa ido busasshe yakan yi ta zubar da hawaye, abin da ke rikita mutane da yawa: idon ne ya ji raɗaɗi ya kira ruwan gaggawa, ruwan da ba shi da maiƙo, wanda ke gangarowa kumatu ba tare da ya zauna ya yi amfani ba.

Mataki na farko: a tabbatar ba wani abu mafi haɗari ba ne

Bushewar ido tana da alamominta. Yawanci takan kama idanu biyu, takan tsananta da yamma ko bayan dogon karatu da kallon waya, kuma dushewar ganin da take kawowa takan gushe idan an ƙifta ido sau biyu ko uku. Duk abin da ya saɓa wa wannan siffa abin tuhuma ne. Idan gani ya ragu farat ɗaya, ko ido ɗaya ya yi ja tare da ciwo mai tsanani da ciwon kai da amai, ko haske ya zama abin da mutum ba ya iya jurewa, ko wani farin tabo ya bayyana a kan baƙin ido, ko kuma mugunya tana fita da yawa, to a bar maganar jinyar gida a nufi asibiti a ranar. Haka nan duk raunin da kara ko ƙaya ko ƙaiƙayi ya yi wa ido, musamman a lokacin girbi da sussukar masakwa, domin irin wannan ƙarzuwa takan kamu da ƙwayar cuta cikin 'yan kwanaki ta bar hakiya ta dindindin.

Abu guda ne kawai ake farawa a gida kafin asibiti, wato idan siminti ko farar ƙasa ko ruwan batir ko maganin feshin auduga ya fantsama a ido. A nan kada a jira komai. A buɗe idon a yi ta kwarara masa ruwa mai tsabta na aƙalla minti 20, sa'an nan a kama hanya.

Akwai kuma cututtuka biyu da suke kwaikwayon bushewar ido a yankinmu. Na farko amosanin ido, wanda ƙwayar cuta ke haddasawa, ƙudaje da hannuwa da mayafin goge fuska ke yaɗawa, kuma an daɗe ana yaƙi da shi a yankunan Arewa da Arewa Mai Nisa na Kamaru da sassa da yawa na Chadi. Yana kama yara, amma sai an girma illarsa take bayyana, lokacin da tabon da ke cikin fatar ido ya lanƙwasa gashin ido ciki yana gogar baƙin ido. Duk tsohuwar da ake gani da matsefata tana cire gashin idonta, ƙaramar tiyatar gyaran fatar ido take bukata, ɗigo ba zai raba ta da ciwon ba. Na biyu shi ne ƙaiƙayin ido na yara, wanda ke sa farin idon yaro ya koma ruwan ƙasa, yana ta murza shi ba dare ba rana. Wannan ƙyamar jiki ce ga ƙura da makamantanta, kuma maganinsa daban ne.

Mataki na biyu: awo

Mai auna gani yakan fara da tambayoyi, kuma amsoshin sun fi rabin aikin. Yana son ya san sana'ar mutum, ko ɗan babur ne da ke wuni cikin iska, ko tela, ko mai walda, ko mai gashin nama a bakin wuta, ko ma'aikacin ofis da ke zaune gaban kwamfuta a ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki. Yana son ya san magungunan da ake sha, domin maganin mura da ƙaiƙayi irin su chlorpheniramine, da amitriptyline, da magungunan hawan jini masu sa fitsari, duk suna rage hawaye. Zai tambayi mace ko jinin al'adarta ya ɗauke, zai tambayi ciwon sukari, zai kuma tambaya ko baki ma yana bushewa tare da ciwon gaɓoɓi, saboda haɗuwar waɗannan tana nuna wata cuta ta garkuwar jiki da ake kira Sjögren, wadda ta fi kama mata kuma take bukatar likitan jiki. Saboda haka ya kamata a je da duk kwalaben da aka taɓa ɗiga wa idon, har da na kasuwa, ba tare da jin nauyi ba.

Bayan an karanta haruffan allo, sai a duba bakin fatar ido da fitilar awo mai girmama abu, a ɗan matsa don a ga ko maiƙon yana fitowa garau ko kuwa ya yi kauri ya yi fari. Daga nan a ɗiga wani rini rawaya, a ce mutum ya daina ƙiftawa, a ƙirga daƙiƙoƙin da rufin hawaye zai yi kafin ya tsage. Ƙasa da daƙiƙa 10 alama ce ta matsala. Wani lokaci akan rataya siririyar takarda a fatar ido ta ƙasa na minti 5 a auna tsawon wurin da ya jiƙe, kuma idan bai kai milimita 5 ba, ruwan ne kansa ya yi ƙaranci sosai. Babu ɗaya daga cikin waɗannan gwaje-gwaje da ke da zafi. A wurare da yawa na yankin ma'aikacin jinya da ya ƙware a fannin ido ne zai yi wannan awo, kuma hakan ya wadatar, shi ne zai san wanda ya kamata a tura wa likitan ido mai tiyata.

Mataki na uku: a gyara abin da ke busar da idon

Fanka kada ta fuskanci fuska, musamman da dare, domin wasu mutane idonsu ba ya rufuwa ruf idan suna barci. Ɗan babur ya sa tabarau mai rufe gefe ko hular kwano mai gilashi. Girki ya kasance a inda hayaƙi ke samun mafita, turaren wuta kuma a bari hayaƙinsa ya lafa kafin a zauna a ɗakin. Mai aiki da waya ko kwamfuta ya sani cewa mutum yakan ƙifta ido kimanin sau 15 zuwa 20 a minti ɗaya, amma idan ya ƙura wa allo ido adadin yakan faɗi ƙwarai, don haka bayan kowane minti 20 ya ɗaga kai ya kalli abu mai nisan mita 6 na daƙiƙa 20, ya kuma runtse ido sosai sau da yawa. Allon ya kasance ƙasa da saitin ido kaɗan, saboda kallon ƙasa yana rage faɗin idon da ke buɗe ga iska.

Maganar kwalli tana bukatar a faɗe ta a fili. Wanda ake zizarawa a cikin bakin fatar ido yana sauka ne daidai kan ƙofofin maiƙon, kuma kwallin dutse na gargajiya sau da yawa yana ɗauke da dalma, wadda guba ce ga ƙwaƙwalwar yaro. Jarirai kada a sa musu ko kaɗan. Babbar mace da ba ta son rabuwa da shi ta sa shi a wajen gashin ido, ta wanke kafin barci, kuma kada mutum biyu su yi tarayya a maciyi ɗaya.

Mataki na huɗu: ɗumama fatar ido da wanke ta

A ganina wannan ne matakin da ya fi kowane amfani, shi ne kuma aka fi watsi da shi, ƙila don ba ya cin kuɗi. Manufarsa ita ce a narkar da maiƙon da ya daskare, a matso shi, a share abin da ya fito.

A wanke hannu da sabulu. A tafasa ruwa a bar shi ya huce zuwa ɗumin da bayan hannu zai jure cikin daɗi, wato wajen digiri 40. A tsoma ƙyalle mai tsabta, a matse, a rufe ido a ɗora shi a kai na minti 5 zuwa 10. Inda mutane ke kuskure shi ne ƙyallen yana hucewa cikin minti ɗaya ko biyu, don haka dole a riƙa sake tsoma shi, in ba haka ba an jiƙa fuska ne kawai. Da zarar an cire, tun fatar tana da ɗumi, a sa ɗan yatsa a shafo fatar sama daga gira zuwa gashin ido, ta ƙasa kuma daga kumatu zuwa sama, a hankali ba tare da danna ƙwayar ido ba. A ƙarshe a ɗauki auduga da aka jiƙa da ruwan da aka tafasa a goge gindin gashin ido daga gefen hanci zuwa waje, kowane ido da audugarsa. Idan gani ya ɗan dushe na 'yan mintoci bayan haka, maiƙon ne ya fito, ba abin damuwa ba ne.

Ana yin wannan sau biyu a rana na makonni huɗu zuwa shida, daga nan a koma sau ɗaya, kuma wanda ya daina bayan kwana uku don bai ga canji ba bai ba aikin damarsa ba. Alwala tana taimakawa wajen kawar da ƙura da kwantsa, amma ruwanta ba shi da ɗumin da zai narkar da maiƙo. Abin da ya fi sauƙi shi ne a ɗaura aikin a kan lokacin da ba a mantawa, misali bayan sallar asuba da bayan lisha. Wannan ɗumamawar ita ce kuma maganin farko na hazbiya, wadda bai kamata a matse ta ko a huda ta ba. Kowa ya riƙe ƙyallensa, musamman lokacin da apolo ke yawo a unguwa.

Mataki na biyar: ɗigon hawaye

Sai a nan kwalba take shigowa. Abin da ake bukata shi ne hawayen roba, wanda a takardar magani da farmasi za a ga an rubuta larmes artificielles, kuma sinadaran da aka saba gani a jikinsa su ne hypromellose, carmellose, ko hyaluronate. Ana farawa da ɗigo ɗaya sau uku ko huɗu a rana. Mafi yawan kwalabe suna da sinadarin hana lalacewa, musamman benzalkonium, wanda shi kansa yana cin fuskar ido idan an yawaita, saboda haka mai bukatar ɗigo fiye da sau huɗu a rana ya nemi irin wanda ke zuwa a ƙananan robobi na amfani sau ɗaya. Ruwan gishirin asibiti da ake sayarwa a irin waɗannan robobi yana da kyau wajen ɗauraye ƙura, amma ba ya zama a ido, don haka ba ya maye gurbin hawayen roba. Wanda ke tashi da safe ido a manne da raɗaɗi ya nemi mai kauri na shafawa lokacin barci.

Wajen ɗigawa, a ɗaga kai, a ja fatar ƙasa ta yi ɗan aljihu, a sa ɗigo ɗaya ba tare da bakin kwalbar ya taɓa ido ko gashinsa ba. Na biyu asara ne, ido ba shi da wurin ajiye shi. A rufe ido na minti ɗaya ko biyu tare da danna kusurwar da ke kusa da hanci, domin a nan ne ƙofar da ke kai hawaye hanci da maƙogwaro take. Idan magunguna biyu ne, a bar minti 5 tsakaninsu, mai kauri ya zo ƙarshe. A rubuta ranar buɗe kwalba a jikinta, a zubar bayan kwana 28 sai dai in takardarta ta faɗi wani wa'adi, kuma kada a bar ta a aljihu ko cikin mota a zafin bazara.

Babban haɗarin da ke wannan fanni shi ne ɗigon da ke ɗauke da dexamethasone ko betamethasone ko prednisolone. Yana kashe ja da ƙaiƙayi cikin kwana ɗaya ko biyu, shi ya sa yake da kasuwa, amma amfani da shi na makonni ko watanni yana iya ɗaga matsin ido har ya kashe jijiyar gani, yana kawo yana, yana kuma rura gyambon baƙin ido. Yara masu ƙaiƙayin ido ne suka fi faɗawa wannan rami, domin uwa ta ga maganin yana aiki sai ta ci gaba da saye. Magani ne na gaskiya a hannun likitan da ke auna matsin ido, amma ba na sayen kai ba ne. Nono, fitsari, ruwan albasa, ruwan sukari da ruwan ganye kuwa kada ɗayansu ya shiga ido.

Mataki na shida: idan bai yi sauƙi ba

Bayan makonni shida na bin tsarin da gaske, idan babu canji, a koma wurin awo. Likita na iya ƙara ƙwayar doxycycline don gyara maiƙon, wadda ba a ba mai ciki ko yaro ɗan ƙasa da shekara 8, ko ɗigon ciclosporine mai rage kumburi, wanda yakan ɗauki watanni kafin a ji amfaninsa, ko kuma ya toshe ƙofar da hawaye ke zurarewa da wani ɗan marfi. Game da ƙwayoyin man kifi masu tsada, babban binciken da aka wallafa a Amurka a 2018 bai ga sun fi man zaitun da aka gwada su da shi ba, don haka kuɗin ya fi amfani a wajen masu kifin kogin Logon ko na Binuwai. Ya kamata kuma a sani tun farko cewa bushewar ido lallaɓa ta ake yi, takan lafa da damina ta dawo da hunturu.

Sauran mutanen gida

Mai auna gani ba ya sallamar mutum ba tare da ya tambayi na gida ba, domin cututtukan da suka fi makantarwa ba sa zuwa da ciwo. Jaririn da idonsa ya kumbura yana fitar da mugunya a watansa na farko a kai shi asibiti a ranar. Idan aka ga fari a tsakiyar baƙin idon yaro, ko da a hoton waya ne, shi ma na gaggawa ne, domin yana iya zama yana ko ciwon daji na ido. Idon jariri da ya karkace har ya wuce wata shida ba ya gyara kansa, kuma idon da ƙwaƙwalwa ta yi watsi da shi yana da wuyar farfaɗowa bayan shekara 7 ko 8. Gwajin gida mai sauƙi shi ne a rufe wa yaro ido ɗaya, sa'an nan ɗayan, a ga ko zai yi gardama a gefe guda kawai. Kowane yaro a auna shi kafin ya fara makaranta, boko ko allo.

Yaron da ke laluben hanya bayan magariba yana da dundumi, alamar ƙarancin bitamin A, kuma wannan bushewar ido ce da ɗigo ba ya warkarwa, wadda bayan ƙyanda ko doguwar gudawa take iya narkar da baƙin ido cikin kwanaki. Kada a bari ɗigon bitamin A na baki da ake ba yara daga wata 6 zuwa 59 ya wuce su, haka ma rigakafin ƙyanda, a kuma sa zogale, manja, karas, mangwaro, ƙwai da hanta a abincinsu. Wanke fuskar yara kullum da ruwa mai tsabta da kuma amfani da masai su ne ke raba ƙudaje da idonsu.

Daga shekara 40 karatu na kusa yakan fara wahala, kuma tabarau ne maganinsa. Na kasuwa yana iya biyan bukata, illarsa ita ce yana hana mutum zuwa awon da za a gano hawan jinin ido, wato lalacewar jijiyar gani da hauhawar matsin ido kan jawo, cutar da ta fi yawa da tsanani a tsakanin baƙar fata, take bin dangi, take kuma cin gani daga gefe ba tare da an ji ba. Matsin ido na yau da kullum yana tsakanin 10 da 21, amma lamba kaɗai ba ta isa ba sai an leƙa jijiyar gani. Duk wanda aka samu cutar a wajen mahaifinsa ko mahaifiyarsa ko ɗan'uwansa ya riƙa zuwa awo kowace shekara, haka mai ciwon sukari, haka mai sikila. Wanda aka ɗora a kan ɗigon hawan jinin ido kada ya dakatar don azumi, ya tambayi likitansa yadda zai mayar da shi lokacin sahur da bayan shan ruwa. Idan ɗigon ya busar masa da ido, wanda yakan faru, ya faɗa a canza masa ko a ƙara masa hawayen roba.

Tsohon da yana ta rufe wa ido kuwa tiyata ce ke dawo masa da gani, ana cire ɗan madubin cikin ido da ya yi fari a sa na roba, kuma ba sai an jira ya daina gani gaba ɗaya ba. Masu yawo ƙauyuka suna tura yanar cikin ido da tsinke sukan bar mutum da kumburi da hawan jinin ido, har a kai inda likita ba zai iya gyarawa ba. Bayan tiyatar asibiti ido yakan bushe na wasu makonni ko watanni, don haka a tambayi likita tun ranar sallama wane hawayen roba za a haɗa da sauran magungunan, da kuma ranar da ya halatta a koma ɗumama fatar ido.